Alice Ball: Budurwar Da Ta Share Wa Kutare Hawaye

An haifi Alice Augusta Ball ran 24 ga Yuli, 1892, a birnin Siyatul na ƙasar Amurka. Baƙar fata ce. Mahaifinta lauya ne, kakanta kuwa sanannen mai ɗaukar hoto. A lokacin nan ba abu ne mai sauƙi ba ɗiya mace, balle baƙar fata, ta shiga jami'a. Amma Alice ta shiga Jami'ar Washintan, ta sami digiri biyu a fannin haɗa magunguna, a 1912 da 1914. Daga nan ta tafi Kwalejin Hawayi, inda ta sami digiri na biyu a ilimin kimiyya a 1915. Ita ce mace ta farko, kuma baƙar fata ta farko, da ta sami wannan digiri a kwalejin. Nan da nan aka ɗauke ta koyarwa.

A zamanin, duk wanda aka ga kuturta a jikinsa a Hawayi, sai a raba shi da iyalinsa, a kai shi Kalaupapa a tsibirin Molokai. Yawancinsu can suka mutu. Maganin da aka sani shi ne man calmugura, wanda ake tatsa daga ƙwayar 'ya'yan wani itace na Indiya da Bama. Man yana rage ƙarfin ƙwayar cutar, amma yin amfani da shi wahala ne. In an sha, sai amai. In an shafa, ba ya ratsa jiki sosai. In an yi allura da shi, sai ya dunƙule ƙarƙashin fata saboda kaurinsa, ya zama ƙuraje masu zafi.

Wani likita na Asibitin Kalihi, Dakta Harry Hollmann, ya roƙi Alice ta taimaka. Da rana tana aji, in ta tashi sai ɗakin gwaji. Ta ware sinadaran da ke ɗauke da ƙarfin maganin daga cikin man, ta sarrafa su da barasa mai tsabta har suka tsinke. Ta haka aka sami allurar da jiki ke iya sha. Tana da shekara 23 kacal.

Ba ta ga amfanin aikinta ba. Ta kamu da ciwo, ta koma gida Siyatul, ta rasu ran 31 ga Disamba, 1916, kafin ta buga sakamakon bincikenta. Shugaban kwalejin, Arthur Dean, ya ci gaba da aikin, ya buga shi bai ambaci sunanta ba, har aka riƙa kiran hanyar da sunansa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A 1920 aka ba da rahoton sallamar mutum 78 daga Kalihi zuwa gidajensu. Sai a 1922 Dakta Hollmann ya rubuta a fili cewa aikin na Alice ne.

Alluran wannan mai su ne babban maganin kuturta a duniya, har da wuraren jinyar kutare na mishan a Nijeriya, kafin sababbin magunguna su maye gurbinsu daga shekarun 1940. Kuturta yanzu tana warkewa sarai, kuma tun 1995 ake ba da maganinta kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya.

A shekarar 2000 Jami'ar Hawayi ta kafa allon tunawa da Alice kusa da itacen calmugura da ke harabarta, shekara 83 bayan rasuwarta.

Ya ku ɗalibai, musamman 'yan mata masu gudun darasin kimiyya, Alice ba ta girme ku da yawa ba sa'ad da ta yi wannan aiki. Ku kuma da za ku zama shugabanni gobe, in na ƙasa da ku ya yi aiki, ku faɗi sunansa, kamar yadda Dakta Hollmann ya yi.