Waliyi Isidor na Sebil, Bishop Mai Bin Asalin Kalmomi

Ranar 4 ga watan Afrilu ta kowace shekara Ikilisiya takan tuna da Waliyi Isidor, Bishop na birnin Sebil a ƙasar Sifen. An haife shi wajen shekara ta 560, iyayensa mutanen Kartajena ne da suka yi ƙaura zuwa Sebil. Sun rasu yana ƙarami, sai wansa Leyanda ya riƙe shi, ya kuma zama malaminsa. Gida ne mai albarka, gama Leyanda da Fuljenshiyus da 'yar'uwarsu Florentina duk Ikilisiya tana girmama su cikin waliyai.

Ana ba da labari cewa karatu ya yi wa yaron wuya har ya gudu daga makaranta. Da ya zauna a bakin wata rijiya, sai ya ga yadda ɗigon ruwa ya huda dutse, ya tashi ya koma wurin wansa.

A zamanin nan wata kabila da ake kira Bisigot ce take mulkin Sifen. Sarakunanta sun daɗe suna bin koyarwar Ariyus, wadda ta ƙi yarda cewa Ɗa daidai yake da Uba. Leyanda ya yi fama har Sarki Rekared ya karɓi bangaskiyar Katolika a shekara ta 587. Da Leyanda ya rasu wajen shekara ta 600, aka naɗa Isidor a gurbinsa. Ya tarar da makarantun Romawa sun lalace, littattafai suna ɓacewa. Wannan ya sa ya ɗauki aikin da ya ci sauran ransa, wato tattara ilmin mutanen dā cikin littafi guda mai suna Etymologiae, ma'ana asalin kalmomi. Abokinsa Brauliyo, Bishop na Saragosa, shi ya kasa shi kashi 20. Akwai nahawu da lissafi da magani da shari'a a ciki, har da jiragen ruwa da kayan girki.

Isidor ya gaskata cewa wanda ya san inda suna ya fito ya kama hanyar sanin abin da ake kira da sunan. A Latin ana kiran mutum homo, ƙasa kuwa humus, sai ya ga a nan shaidar Littafin Farawa, cewa daga turɓaya aka yi mu. Haka yake a Ibrananci, inda sunan Adamu ya yi kama da adama, wato ƙasa. Sarki kuwa rex ne, kalmar da ya danganta da yin abin da yake daidai, ya koyar cewa sarkin da ya bar gaskiya ya zubar da sunansa. Ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da fadawa suka saba kashe sarki su hau gadonsa. Masana harsuna na zamaninmu sun tabbatar cewa a waɗannan biyu ya dace, kalmomin tushensu ɗaya ne.

Amma ba kullum ya dace ba, kuma bai kamata mu ɓoye wannan ba. Ya ga mors, wato mutuwa, ta yi kama da morsus, wato cizo, sai ya kawo bayanin cewa mutuwa ta samo sunanta daga cizon da Adamu ya yi wa 'ya'yan itacen da aka hana. Wa'azi ne mai daɗi, sai dai Romawa suna faɗin kalmar tun ba su taɓa jin labarin Adamu ba. Ya kuma ɗauka Ibrananci ne harshen dukan duniya kafin hasumiyar Babila. Yau mun san Ibrananci ɗaya ne cikin dangi, tare da Larabci, har da Hausa daga nesa. Shi ya sa kalmarmu ta mutuwa ta yi kama da maut na Larabci da mot na Ibrananci. Latin kuwa daga wani dangi dabam ta fito. Mu da muke kiran birni gari, mu kuma kira niƙaƙƙen hatsi gari, mun san kamannin sauti ba ya nuna dangantaka koyaushe. Shi ma Isidor ya yarda cewa waɗansu sunaye ganin dama kawai ya sa mutane suka raɗa su.

Abin da muke yabo a gare shi shi ne dalilin aikin. Ya lura cewa Bilatus ya rubuta laifin Ubangijinmu a kan gicciye da Ibrananci da Helenanci da Latin, saboda haka ya ɗauki harsunan nan uku da daraja, ya so firistoci su gwada nassi da nassi idan wata kalma ta shige musu duhu. A Majalisar Toledo ta huɗu, wadda ya shugabanta a shekara ta 633, aka umarci bishop-bishop su kula da koyar da samarin da ake shiryawa domin aikin Ikilisiya. Majalisar nan ta hana a tilasta wa Yahudawa baftisma, kamar yadda Sarki Sisebut ya yi. Duk da haka ta ɗora musu dokoki masu tsanani, har ta hana waɗanda aka riga aka tilasta wa komawa addininsu, abin da ba za mu iya kāre shi ba.

Da ya ji ƙarshensa ya matso, ya raba abin da ya mallaka ga matalauta. Aka ɗauke shi zuwa majami'a, ya sa tsumma, aka zuba masa toka, ya roƙi gafarar jama'a, ya karɓi Jiki da Jinin Ubangiji. Ya rasu ranar 4 ga Afrilu, 636. Sufaye suka yi ta kwafe littafinsa da hannu, har yau akwai kwafi kusan 1,000 da suka rage, aka kuma buga shi a Augsburg ta ƙasar Jamus a shekara ta 1472. An kai ƙasusuwansa birnin Leyon a shekara ta 1063, Paparoma Inosent na 13 kuma ya sa shi cikin Malaman Ikilisiya a shekara ta 1722.