Dorothy Day (1897–1980): Biyayya ga Coci da Tsayawa a Bayan Talaka

A tarihin Cocin Katolika na Amurka a ƙarni na 20, da wuya a sami wanda shugabannin cocin suka rasa yadda za su yi da shi kamar Dorothy Day. Ba ta taɓa jayayya da aƙidar cocin ba, kusan kullum tana halartar sujadar safe. Amma a kan yaƙi da haƙƙin ma'aikata ta ƙi bin hanyar da mafi yawan limamanta suka bi, kuma ta ɗanɗana kuɗarta.

An haife ta a Brooklyn, cikin birnin New York, ranar 8 ga Nuwamba, 1897. Mahaifinta ɗan jarida ne mai rubutu kan wasanni, gidan nasu kuma ba mai riƙo da addini sosai ba ne. Suna zaune a Oakland lokacin da girgizar ƙasa ta auka wa San Francisco a 1906. Tana da shekara takwas ta ga maƙwabta suna buɗe ƙofofinsu ga waɗanda suka tsira, abin da ya zauna mata a rai har tsufanta. Iyalin suka koma Chicago, daga nan ta shiga Jami'ar Illinois a 1914, ta bar ta bayan shekara biyu ta koma New York, inda ta yi aiki da jaridun 'yan gurguzu irin su The Call da The Masses. A 1917 aka kama ta a gaban fadar White House tare da mata masu neman 'yancin jefa ƙuri'a, ta yi yajin cin abinci a kurkuku. Abin mamaki, ita kanta ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba har ta mutu, domin ba ta yarda gyara zai fito daga hukuma ba.

Shekarun da suka biyo baya na ɗimuwa ne: soyayyar da ba ta ɗore ba, zubar da ciki wanda ta yi nadamarsa, da auren da ya mutu da wuri. Sauyin ya zo da haihuwar 'yarta Tamar a 1926. Farin cikin haihuwar ya kai ta ga neman wanda za ta gode wa, ta sa aka yi wa yarinyar baftisma, ita ma ta karɓa a Disamba 1927. Wannan ya raba ta da uban 'yarta, Forster Batterham, wanda bai yarda da addini ko ɗaurin aure ba. Ya kuma nisanta ta da abokan gwagwarmaya, waɗanda a wurinsu cocin abokin masu dukiya ne.

Shekara biyar ta yi tana fama da wannan giɓi. A Disamba 1932, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya, ta je Washington ɗauko rahoton tattakin mayunwata da 'yan kwaminisanci suka shirya. Ya dame ta ƙwarai da ta ga babu jagorancin Katolika a cikinsa. Da ta dawo New York ta tarar da Peter Maurin, wani Bafaranshe ɗan manoma mai zurfin karatu a koyarwar cocin kan zamantakewa, musamman wasiƙar Rerum Novarum ta Paparoma Leo XIII ta 1891, wadda ta goyi bayan albashi mai adalci da ƙungiyoyin ƙwadago. Shi ya kawo tunanin, ita ta mai da shi aiki. Ranar 1 ga Mayu, 1933, suka fitar da jaridar The Catholic Worker, kwafi 2,500, ana sayar da kowane a kan santi ɗaya a dandalin Union Square. Zuwa 1936 tana buga kwafi 150,000.

Marasa aikin yi suka fara ƙwanƙwasa ƙofar ofishin jaridar, suna neman abin da ta rubuta a aikace. Haka aka sami gidajen karɓar baƙi, inda ake ba da miya da burodi da makwanci ba tare da an nemi mutum ya tuba ko ya sauya addini ba. Masu hidimar ba su karɓar albashi, suna ci daga tukunya ɗaya da baƙin, suna sa tufafin da aka kawo sadaka. Gonakin haɗin gwiwa da Maurin ya fi ƙwallafa rai a kansu, mafi yawansu ba su yi albarka ba, don 'yan birni ba su iya noma ba. Gidajen kuwa sun haura talatin a faɗin ƙasar.

Batun yaƙi ne ya gwada ta. A 1936 ta ƙi mara wa Janar Franco baya a yaƙin basasar Sifaniya, alhali kusan duk jaridun Katolika na Amurka suna tare da shi. Bayan harin Pearl Harbor a 1941 ta tsaya a kan cewa Huɗubar Bisa Dutse ta hana mabiyin Almasihu ɗaukar makami. Masu karanta jaridar suka ragu zuwa kusan 50,000, gidaje da dama suka rufe, wasu makusantanta suka shiga soja. Ana iya cewa matsayinta bai ba da gamsasshiyar amsa ba ga tambayar yadda za a tare Hitler. Wannan suka ce mai nauyi. Sai dai ba za a zarge ta da neman farin jini ba, don ta san abin da za ta rasa kafin ta yi magana.

A 1949 masu haƙa kabari na maƙabartar Calvary, mallakar cocin New York, suka shiga yajin aiki. Kadinal Francis Spellman ya tura ɗaliban makarantar horar da limamai su haƙa kaburburan. Day ta goyi bayan ma'aikatan, ta rubuta wa Kadinal cikin ladabi tana tuna masa da koyarwar cocinsa. A 1951 aka nemi ta cire kalmar Katolika daga sunan jaridar ko ta rufe ta. Ta nuna cewa za ta bi umarnin rufewa in an ba da shi, amma ta kawo hujjojinta na ƙin sauya sunan. Ba a sake tayar da maganar ba.

Daga 1955 ta riƙa ƙin shiga maɓoya yayin atisayen kariya daga harin nukiliya da ake tilasta wa mutanen New York, aka ɗaure ta sau da yawa kafin a daina atisayen bayan 1961. A 1965 ta je Roma ta yi azumin kwana goma tare da wasu mata, suna roƙon Babban Taron Batikan na Biyu ya yi magana kan yaƙi. Takardar Gaudium et Spes da taron ya fitar ta la'anci hallaka birane da mazaunansu ba tare da bambancewa ba, ta kuma nemi a yi tanadi ga waɗanda lamirinsu ya hana su ɗaukar makami. Kamun ƙarshe da aka yi mata ya faru a California a 1973, tana da shekara 75, a yajin aikin leburorin gona ƙarƙashin Cesar Chavez.

Ta rasu ranar 29 ga Nuwamba, 1980, a Maryhouse, gidan da ta buɗe wa mata marasa matsuguni a New York. A 2000 Batikan ta amince a fara binciken sanya ta cikin waliyyai, a 2015 kuma Paparoma Francis ya ambace ta a jawabinsa ga majalisar dokokin Amurka, tare da Abraham Lincoln da Martin Luther King da Thomas Merton. Jaridar tana fita har yau, a kan santi ɗaya.