Sarkin Katsina Usman Nagogo: Basaraken da ya sama wa doki sabon fage

Duk wanda ya duba tsofaffin hotunan Sarkin Katsina Alhaji Sir Usman Nagogo zai ga kamar mutum biyu ne. A wasu, basarake ne cikin rawani da alkyabba, bisa ingarman da aka yi wa ado da jalala, dogarai na kewaye da shi. A wasu kuwa, ɗan wasa ne cikin ƙananan kaya da doguwar sanda a hannu, a filin ƙwallon dawaki da ake kira folo. Waɗannan kamannu biyu su ne taƙaitaccen tarihin rayuwarsa, kuma su ne tarihin doki a Arewacin Najeriya cikin ƙarni na ashirin.

Kafin zuwan Turawa, da doki ake auna ƙarfin masarauta. Lokacin da Baturen nan mai yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, ya sauka a Katagum a 1824, abin da ya rubuta don nuna girman ƙasar shi ne tana iya fitar da mahaya dawaki dubu huɗu zuwa fagen fama. Haka lamarin yake a Katsina da Kano da Zazzau. Amma da Turawan Ingila suka ci ƙasar a 1903, bindiga mai sarrafa kanta ta kawo ƙarshen zamanin sulke da lifidi. Doki ya rage a barga, da darajarsa amma babu aikinsa na asali.

Cikin wannan yanayi aka haifi Usman Nagogo a Katsina a 1905. Mahaifinsa, Muhammadu Dikko, yana riƙe da sarautar Durɓi a lokacin, kuma ba da daɗewa ba Turawa suka naɗa shi Sarkin Katsina, abin da ya mayar da sarautar daga gidan Dallazawa zuwa gidan Sulluɓawa. Dikko mutum ne mai son doki da sukuwa, mai kuma son ganin duniya. A 1921 ya yi tafiya zuwa Ingila da Makka, ya tafi da ɗansa Usman, wanda ke karatu a makarantar lardi ta Katsina. A Ingila suka gana da Sarki George na Biyar.

Shi dai wasan folo, hafsoshin Turawa ne suka shigo da shi Najeriya a farkon ƙarnin, suna yin sa tsakaninsu a Legas da Kaduna. Dikko ne ya shigar da shi gidan sarauta: ya tanadi fili a Katsina, ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koya. Wasa ne na mutum huɗu a kowane ɓangare, ana buga shi zango-zango, kowane zango minti bakwai, kuma yana buƙatar dokin da zai iya sheƙawa da gudu, ya tsaya cak, ya juya nan take. Mutanen da suka tashi a kan sirdi tun suna yara, suka saba da sukuwa da jafi a gaban sarki, ba su sha wahalar gane kansa ba. Ba a jima ba 'yan wasan Katsina suka fara doke malaman nasu, suna ɗauke kofuna, har da kofin Georgian, wanda shi ne mafi daraja a gasar Kaduna.

A cikinsu Nagogo ya yi zarra. Ana auna gwanintar ɗan wasan folo da maki, mafi ƙoli shi ne goma, kuma ƙalilan ne a duniya suke kaiwa can. Nagogo ya kai bakwai, matsayin da har yau ake ambata idan ana lissafin gwanayen wasan a Afirka. Daga baya ya zama shugaban Ƙungiyar Folo ta Najeriya na tsawon rai.

Sai dai wasa bai ɗauke masa hankali daga aikin mulki ba. A 1929 aka ba shi jagorancin 'yan dokan Katsina, a 1937 kuma ya zama Magajin Gari. Da mahaifinsa ya rasu a 1944, shi ya gaje shi. Yaƙin Duniya na Biyu na ci a lokacin, sai sabon sarkin ya yi tattaki har Indiya da Bama don duba sojojin Najeriya da ke fagen daga. A shekarun 1950 ya riƙe muƙamin minista marar ma'aikata, ya kuma zauna a Majalisar Sarakunan Arewa, daga bisani Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir.

Rabin mulkinsa na biyu ya zo da jarrabawa mai kama da wadda doki ya fuskanta. Bayan juyin mulkin 1966, gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun hukumomin gargajiya, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba sarakuna da gudanar da mulki kai tsaye. Mutumin da ya taɓa shugabantar 'yan doka da kansa ya ga an rushe su yana kan gado. Abin da ya rage wa sarauta shi ne kwarjini da shawara da al'ada, kuma Nagogo ya riƙe su da kyau har ya rasu ranar 18 ga Maris, 1981, bayan shekara 37 yana sarauta.

Ya bar zuriya a kan sirdi. Ɗansa Muhammadu Kabir Usman, wanda ya gaje shi ya yi mulki har 2008, gwanin folo ne. Haka ma Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967.

A yau wasan ya zama na masu hannu da shuni, kuma dawakin da ake shigowa da su daga Ajantina sun mamaye manyan gasanni, yayin da dokin gida ya fi fitowa a ranar hawan sallah, daga Katsina har Azare. Masu ɗaukar hoto na tururuwa zuwa waɗannan bukukuwa don su kama kyawun doki da mahayinsa. Amma a bayan kowane hoto akwai shamaki da yaran barga, da baduku mai ɗinka sirdi, da maƙeri mai ƙera linzami da likkafa, waɗanda sana'arsu ba za ta rayu da hawa biyu a shekara kaɗai ba. Nagogo da mahaifinsa sun gane cewa doki ba ya ɗorewa sai yana da aikin yi, shi ya sa suka nema masa fili lokacin da fagen yaƙi ya rufe.