Otto Warburg: Mutumin Da Ya Gano Kwaɗayin Ciwon Daji

'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai da malamanmu, na san ba ku manta da darasin numfashi a ajin bayoloji ba, inda aka koya mana cewa ƙwayoyin jiki suna ƙona sukari da iskar oksijin don samun ƙarfi. A lokacin haddacewa kawai na yi don cin jarrabawa. Sai da ciwon daji ya kwantar da kawuna na koma ga littattafai, a nan na ci karo da Otto Warburg.

An haife shi a Freiburg ta ƙasar Jamus a 1883. Mahaifinsa, Emil Warburg, shehun malami ne a fannin fiziks. Otto ya sami digirin dakta a kimistiri a Balin a 1906, sannan na likitanci a Heidelberg a 1911. Ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a rundunar mahaya dawaki, har aka ji masa rauni. A 1918 Albert Einstein ya rubuta masa wasiƙa yana roƙonsa ya bar fagen fama ya koma bincike, ya kuwa koma.

Wajen 1924 ya lura cewa ƙwayoyin ciwon daji suna shan sukari fiye da kima, suna mai da shi irin sinadarin da ke sa nono tsami, ko da kuwa akwai wadatar oksijin. A 1931 aka ba shi lambar Nobel saboda aikinsa a kan numfashin ƙwayoyin jiki. Ko da yake yana da asalin Yahudawa ta wajen uba, ya ci gaba da aiki a Balin duk zamanin Hitila. Ɗalibinsa Hans Krebs ma ya sami Nobel a 1953.

To, amma gwani ma yakan yi tuntuɓe. Warburg ya kafe a kan cewa lalacewar numfashi ita ce tushen cutar, bai sauka daga wannan ra'ayi ba har ya rasu a 1970. Daga baya aka tabbatar cewa sauyi a ƙwayoyin gado ne ke rikita saƙonnin da ke umartar ƙwaya ta rabu ko ta dakata, shi ke jawo kwaɗayin sukarin.

Numfashin kuma yana barin wasu burbushin oksijin masu ɓarna. In sun yi matsakaicin yawa, sukan zama saƙon da ke zuga ƙari ya girma. In sun wuce gona da iri, sai su kashe ƙwayar. A 2015 bincike a kan ɓeraye ya nuna cewa wannan ɓarna na hallaka ƙwayoyin dajin fata da suka shiga jini, kuma magungunan da ke share burbushin sun ƙara yaɗuwar cutar.

Duk da kuskurensa, abin da idonsa ya gani bai faɗi ƙasa banza ba: na'urar hoto ta PET da wannan kwaɗayi take gano inda cutar ta bazu. Amma kada wani ya ruɗe mu cewa barin shan sukari ko haɗiyar ƙwayoyin bitamin na warkar da daji. Mun gwada wa kawuna, muka ɓata watanni. Duk wanda ya ji ƙullutu a jikinsa, ya garzaya asibiti tun da wuri.