Ojvind Winge: Mutumin da ya gano sirrin mace da namiji a jikin ɗan ƙaramin kifi

Yau a filinmu na tarihin fitattun mutane na ɗauko muku wani masani ɗan ƙasar Denmark, Ojvind Winge, wanda ya yi shekaru yana kiwon kifin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, don ya san abin da ke sa halitta ta fito mace ko namiji.

An haifi Winge ranar 19 ga Mayu, 1886, a garin Aarhus. Da ya shiga Jami'ar Kopenhagen karatun lauya ya fara, amma zuciyarsa na wajen tsirrai, sai ya sauya layi, ya kammala a 1910. Daga nan ya kama aiki a ɗakin binciken Carlsberg. I, Carlsberg ɗin nan dai na giya, domin mai kamfanin ne ya kafa wurin don binciken kimiyya. A can ya zama mataimakin Johannes Schmidt, masanin kifi. A 1917 ya samu digirin dakta da bincike kan kuromosom, wato 'yan zarurrukan da ke cikin ƙwayoyin jiki, masu ɗauke da abin da ɗa ke gada daga iyaye. A 1921 ya zama farfesa a kwalejin noma da likitancin dabbobi ta Kopenhagen.

To, bari mu zo kan kifin. Sunansa gupi, kifin ruwan daɗi ne, asalinsa daga Trinidad da Venezuela da kewayensu. Ba ya saka ƙwai, haihuwa yake yi, kuma cikin 'yan watanni 'ya'yan sun isa haihuwa su ma. Matan ba su da wani ado, mazan kuwa ɗigo-ɗigo ne da ja da baƙi da ruwan ɗorawa. A 1920 Schmidt ya lura akwai wani baƙin tabo da ke bi daga uba zuwa ɗa namiji kawai, bai taɓa biyowa ta wajen uwa ba. Winge ya ɗora daga nan.

Kun san a jikin mutum mace na da kuromosom X biyu, namiji kuma X da Y. Uwa X kawai take bayarwa, daga wajen uba ne X ko Y ke zuwa. Don haka mai ganin laifin matarsa saboda ta jera 'ya'ya mata, ai sai ya sassauta. Kyauta ce ta Allah, kuma ta ɓangarensa ta biyo. Winge ya nuna gupi ma haka yake, kuma launukan mazan da yawa a kan Y suke zaune. Zuwa 1927 ya tantance mazaunin ƙwayoyin gado 18 a jikin kifin. A Japan, Tatuo Aida ya ga irin wannan a 1921 a jikin medaka, ɗan kifin gonakin shinkafa.

Amma akwai bambanci babba. A mutum Y ya tsuke, ƙwayoyin gadonsa 'yan kaɗan ne idan aka gwada da ɗaruruwan da ke kan X. A gupi kuwa, ko a madubin ƙara girma da kyar ake bambance su, har ma Winge ya ga launi yana tsallakawa daga Y zuwa X, ko daga X zuwa Y. Wato su biyun ba su daɗe da rabuwa ba.

Aikin da ni ya fi burge ni shi ne wanda ya wallafa a 1934. Cikin kifayensa ya ci karo da maza masu X biyu, waɗanda bisa ƙa'ida mata ya kamata su zama. Da ya haɗa irin wannan namiji da mace, duk 'ya'yan suka fito mata, tunda babu Y a gidan. Bai tsaya nan ba, ya riƙa mayar da 'ya'yan ga uban, zuriya bayan zuriya, har ya samu dangin da maza da mata ke fitowa kusan rabi da rabi, kuma dukkansu X biyu gare su. Aikin raba jinsi ya bar X da Y ke nan, ya koma kan wasu kuromosom daban. Abin da masana ke cewa yana faruwa a koguna cikin dubban shekaru, shi ya gan shi a cikin tankunan gilashi, da haƙuri da rubuta lissafi.

Binciken baya-bayan nan ya gaskata shi. A kifayen ruwan daɗi tsarin nan sauyawa yake yi daga iri zuwa iri. Ku ɗauki karfasa: ta kogin Nilu tsarin X da Y take bi, amma 'yar'uwarta shuɗiyar karfasa uwa ce ke ɗauke da abin da ke raba jinsi. Kuma ruwa in ya yi zafi sosai lokacin da 'ya'yan ke ƙanana, wasu matan kan rikiɗe su zama maza. Masu kiwon karfasa a keji a tafkin Volta sun san amfanin wannan sassauci, domin maza zalla suke nema, su suka fi saurin girma.

A 1933 Winge ya koma Carlsberg a matsayin shugaban sashe, ya mai da hankali kan yis, wanda ke kumbura burodi. A 1935 ya nuna yis ma yana haɗuwa ya gauraya gado, shi ya sa ake kiransa uban ilimin gadon yis. Ya yi ritaya a 1956, ya rasu a Kopenhagen ranar 5 ga Afrilu, 1964, yana da shekara 77.

Yaranmu da ke karatun kimiyya a makarantu, ina so su san cewa kayan aikin Winge tankuna ne da ido da littafin rubutu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.