Ramana Maharshi, jagoran da dutse ya zame wa malami

An haifi Ramana Maharshi a Tiruchuli, kudancin Indiya, a 1879. Yana ɗan shekara 16 tsoron mutuwa ya kama shi a Madurai. Ya miƙe kamar gawa yana binciken abin da ke mutuwa, ya tashi da yaƙinin cewa jiki kaɗai ke gushewa. A 1896 ya koma dutsen Arunachala, bai sake barin wurin ba.

A addinin Hindu, almajiri yakan miƙa wuya ga guru, wato jagoran ruhi, domin ya rabu da girman kai. Ramana kuwa dutsen nan ya riƙa a matsayin guru. Ya fi koyarwa da shiru, yana mai da masu tambaya ga binciken wane ne ke cewa ni, ko miƙa wuya ɗungurungum. Ciwon daji ya yi ajalinsa a 1950.