Herbert Chapman

Herbert Chapman (19 ga Janairu, 1878 – 6 ga Janairu, 1934) ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne kuma mai horarwa ɗan ƙasar Ingila. An fi saninsa da horar da ƙungiyoyin Huddersfield Town da Arsenal. Ya shafe kusan shekara 5 a Arsenal bai ci kofi ba, kafin ya mayar da ita ƙungiyar da ta fi kowace ƙarfi a Ingila.

Farkon rayuwa

An haife shi a ƙauyen Kiveton Park da ke yankin Yorkshire. Mahaifinsa mai haƙar kwal ne, shi kuma ya karanci injiniyancin haƙar ma'adinai a birnin Sheffield. Ya buga wa ƙungiyoyi da dama wasa, ciki har da Northampton Town da Tottenham Hotspur, amma bai yi fice a matsayin ɗan wasa ba.

Fara aikin horarwa

A 1907 ya zama kocin Northampton Town, inda ya ci gasar kudancin Ingila a 1909. Ya koma Leeds City a 1912. A 1919 aka rushe wannan ƙungiya bisa zargin biyan 'yan wasa kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, aka kuma haramta masa shiga harkar ƙwallo, daga baya aka janye hukuncin. Ya karɓi Huddersfield Town a 1921, ya ci kofin FA a 1922, sannan ya lashe gasar rukuni na ɗaya a 1924 da 1925.

Shekarun jira a Arsenal

A 1925 shugaban Arsenal, Sir Henry Norris, ya ɗauko shi zuwa Landan. A lokacin ƙungiyar ba ta taɓa cin wani babban kofi ba, kuma da ƙyar ta tsira daga faɗawa rukuni na biyu. Tun da farko Chapman ya nuna cewa gina ƙungiya mai cin kofi zai ɗauki shekara 5.

A kakar farko Arsenal ta zo ta 2, a bayan tsohuwar ƙungiyarsa Huddersfield. Daga nan sakamako ya ja baya. Cardiff City ta doke ta da ci 1–0 a wasan ƙarshe na kofin FA a 1927. A gasar lig kuwa ta ƙare ta 11 a 1927, ta 10 a 1928, ta 9 a 1929, sannan ta 14 a 1930. Duk da haka shugabannin ƙungiyar ba su sallame shi ba, suka ci gaba da ba shi kuɗin sayen 'yan wasa.

A waɗannan shekaru ne ya kafa tubalin nasara. An sauya dokar satar gida a 1925, lamarin da ya sa ƙwallaye suka yawaita. Bayan Newcastle United ta lallasa Arsenal 7–0 a wannan shekara, Chapman da kyaftin ɗinsa Charlie Buchan suka mayar da ɗan wasan tsakiya guda baya domin ƙarfafa tsaro, tsarin da ake kira WM. Ya kuma ɗauko Joe Hulme da Eddie Hapgood da David Jack, wanda aka saya fiye da fam 10,000 a 1928, sai Alex James da Cliff Bastin a 1929.

Nasarori

A watan Afrilu na 1930 Arsenal ta doke Huddersfield 2–0 a filin Wembley, ta ɗauki kofin FA, babban kofinta na farko. A 1931 ta lashe gasar rukuni na ɗaya da maki 66 da ƙwallaye 127, kuma ita ce ƙungiyar kudancin Ingila ta farko da ta yi hakan. Ta sake lashewa a 1933. A zamaninsa ne aka sauya sunan tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Gillespie Road zuwa Arsenal a 1932, aka kuma ƙara wa jar rigar ƙungiyar fararen hannuwa a 1933.

Mutuwa

Chapman ya mutu a Landan sakamakon ciwon huhu yana da shekara 55, ana tsakiyar kakar wasa. Ƙungiyar da ya bari ta lashe gasar a 1934 da 1935, wato sau 3 a jere. A 2011 Arsenal ta kafa mutum-mutuminsa a wajen filin wasanta na Emirates.